Ya daina ihu ya daina fita, to shi ke nan sai mu ce ya warke?

Maman Hanif:
Assalamu alaikum 'yan uwa. A yi min afuwa zan ɗan tsawaita, abin ne ya daɗe yana cin raina kuma a gida in na ɗauko maganar sai a ce na fiye ƙorafi. Ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, yana aji biyu a jami'a abin ya same shi, farko rashin barci ne, sai ya fara cewa ana bin sa, 'yan ɗakinsu sun sa masa wani abu a abinci, daga baya har yana amsa wa mutanen da mu ba ma gani. An yi na malamai an yi na gargajiya an sayar da abin da aka sayar, ƙarshe dai asibitin ƙwaƙwalwa aka kai shi likita ya ce sikizofiriniya ce. Yanzu allura ake masa duk wata da ƙwaya da daddare, kuma alhamdulillah ihun ya tsaya, fitar dare ta tsaya, ba ya zargin kowa. To amma wlh in kun gan shi sai kun zubar da hawaye. Yana ɗaki tun safe har dare, wanka sai Hajiya ta yi ta magana, ya yi wata irin ƙiba, hannunsa na rawa, in ka yi masa magana eh ko a'a ne kawai. Yaron da shi ke gyara wa duk layinmu waya da kwamfuta. Hajiya ta ce a ƙyale shi tunda ya samu lafiya, Kawu kuma ya dage wai aure za a yi masa shi ne zai ware. Ni tambayata, wannan zaman shi ne lafiyar? Sannan Hajiya ta manyanta ga hawan jini, ita ke ba shi magani ita ke wanke masa kaya, in yau ta kwanta wa zai riƙe shi?

Ummu Sudais:
Allah sarki. Allah ya ba shi lafiya ya sa kaffara ne, Hajiya kuma Allah ya saka mata da Aljanna.

Baban Walid:
Maman Hanif ki gode wa Allah. Namu yayan sai da ya yi wata da watanni ba mu san inda yake ba, a tasha aka gano shi ko takalmi babu. Wanda ya ga wannan in ya ga nasa a ɗaki ya ci ya ƙoshi ya yi barci ai sai hamdala. Ni ina bayan Hajiya, kar a taɓo abin da ya kwanta.

Maman Hanif:
Ba butulci nake ba Baban Walid, Allah shaida ne. Amma shekararsa 29 fa. In Allah ya yi masa tsawon rai haka zai ƙara shekara talatin ko arba'in yana kallon bango?

Anti Nas:
Ƙanwata tambayarki a kan hanya take, ni a ɓangaren ƙwaƙwalwa nake aiki kuma ita ce tambayar da muke so dangi su riƙa zuwa da ita, amma sai likita ya ce yaya jiki a ce da sauƙi, a karɓi takardar magani a tafi.

Ciwon nan akwai abin da yake ƙara wa mutum, jin muryoyi, zargi, maganar da ba ta da kai, wannan shi kowa ke gani kuma shi magani ya fi saurin kwantarwa. Akwai kuma abin da yake ƙwace wa mutum, kuzari, sha'awar yin abu, hira, fara'a, har kula da jikinsa. Shi wannan magani bai cika taɓa shi sosai ba, kuma shi ne a gida ake cewa lalaci ko taurin kai alhali ciwon ne. Sannan ga shi kansa maganin. Tsofaffin irin su Largactil da halofaridol da allurar Modecate suna iya sa jiki ya sandare, hannu na rawa, yawu na zuba, tafiya a daddafe. Sababbin irin olanzafin kuma ƙiba suke kawowa da yawan barci, wani har suga ya shige shi. Ga kuma ciwon damuwa da kan biyo baya in mutum ya dawo hayyacinsa ya ga sa'o'insa sun gama makaranta sun yi aure shi yana nan. Daga waje duk kamarsu ɗaya, mutum ne zaune shiru, amma hanyar kowanne daban. Likita ne zai bambance, shi kuma ba zai iya ba sai an faɗa masa. Ranar asibiti ki bi su da ƙafarki, ki rubuta a takarda, rawar hannun, ƙibar, awa nawa yake barci, tun yaushe ya daina hira. Ana iya rage yawan maganin ana iya canza shi, ku dai kar ku rage da kanku a gida.

Wani abu kuma da ke damuna, da zarar an ce mutum na da wannan ciwon sai a manta yana da sauran jiki. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 24 ke da shi a duniya, 1 cikin 300 kenan, kuma haɗarin mutuwa da wuri a wurinsu ya ninka na sauran mutane sau biyu zuwa uku, yawanci ciwon zuciya da suga da cututtuka masu yaɗuwa ne ke ɗaukarsu. Don in ya ce ƙirjina na ciwo sai a ce ciwon nasa ne ya motsa. A auna masa jini da suga da nauyi, a duba haƙoransa. Ita dai hukumar ta ce aƙalla 1 cikin 3 na iya warkewa sarai, to kar a ɗauka zaman ɗaki ne ƙarshen kowa.

Ɗan Kwari:
Ni fa gsky ban yarda da maganin asibitin nan ba. Yaro na karatunsa lafiya lau dare ɗaya ya juye, ai wannan hannu ne ko shafar aljanu. Su asibiti kashe masa jiki kawai suke don kar ya dami mutane, ga shi ita da kanta ta faɗa. A koma ruƙiyya da gaske a nemi malamin da ya san aiki.

Maman Hanif:
Ɗan Kwari babu inda ba mu je ba. Akwai wurin da aka ɗaure shi, tabon marin na nan a ƙafarsa har yau, ba zan faɗi wurin ba. Daga can ya dawo ko Hajiya ba ya yarda ta matso kusa da shi.

Malam Abu Hafsa:
Ɗan Kwari, ruƙiyya gaskiya ce ba mai musun wannan, amma ba ta hana asibiti. Manzon Allah SAW ya umarce mu da neman magani, ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Mai ciwon suga muna yi masa addu'a yana kuma yin allurarsa, ba wanda ya ce ya zaɓi ɗaya. Ruƙiyya karatun Alƙur'ani ne da addu'o'in da suka inganta, babu bulala a ciki babu mari babu turara hayaƙi a rufaffen ɗaki. Duk wanda ya ce sai an ajiye maganin likita kafin ya yi aiki, a guje shi. Mun ga abin da 'yan sanda suka fito da shi a Rigasa a 2019, mutum sama da 300 wasu da sarƙa a ƙafa. Wanda shari'a ta ɗauke wa alƙalami lokacin da hankalinsa ya gushe, da wace hujja wani zai dake shi?

Ɗan Kwari:
Malam na ji kuma ni ma ban ce a daki kowa ba. Amma me ya sa kullum 'yan makaranta masu ƙwazo yake kamawa in ba hassada ba?

Anti Nas:
Shekarun ne Ɗan Kwari. Ciwon ya fi farawa daga ƙarshen samartaka zuwa shekara ashirin da wani abu, maza kan riga mata kaɗan, to a wannan lokacin ina yaro yake in ba makaranta ba? Yana kama manomi yana kama ɗan acaɓa, labarin na jami'a ne ya fi yawo. Haka yake a Ingila haka yake a Sin. Akwai gado a ciki, shan wiwi da yawa ma na ƙara haɗarin, amma da yawansu ko sigari ba su taɓa sha ba, kar a ɗora musu wannan ma.

Shugaban zaure:
Wani ɗan uwa ya turo min wannan ta bayan fage ya ce in saka amma kar in faɗi sunansa. Ga shi yadda ya rubuto.

"Slm. Ni mai wannan ciwon ne, ina zauren nan kuma wasunku sun san ni amma ba su san wannan ba. Zaman ɗakin da Maman Hanif ke faɗa na yi shi, ba na ma son tunawa. Ba wai ba na son tashi ba ne, sai in yi niyyar wanka tun safe har la'asar niyyar na nan jikin ya ƙi. Kuma duk abin da ake faɗa a tsakar gida ina ji. Ana zancena ina zaune a wurin, ya ci abinci? ya sha maganinsa? ba wanda zai juyo ya tambaye ni ni ɗin. In aka ɓata min rai na yi magana sai a kalli juna a ce yau jikin ne, kenan ni ba ni da damar yin fushi irin na kowa. An yi bikin ƙanwata aka ce in zauna a ɗaki kar dangin miji su gan ni, wlh wannan ya fi muryoyin yi min ciwo.

Abin da ya fitar da ni, na farko ranar da likita ya ce kowa ya fita ya bar mu mu biyu, na faɗa masa maganin na sa ni ji kamar an ɗaure min jiki, ya canza min. Na biyu wani abokin babanmu mai shagon ɗinki ya ce in riƙa zuwa da hantsi ina sa maɓalli ina guga, awa biyu kawai. Ranar da na kasa zuwa ba ya faɗa, washegari sai ya aiko yaro ya taho da ni. Da ya fara biyana na sayi sabulu da man shafawa da kuɗina, ba a ce min je ka yi wanka ba ranar. Har yanzu ina shan magani kuma in na kwana biyu ban samu barci ba muryoyin kan dawo sama-sama, na san alamar sai in kira yayata mu je asibiti kafin ranarmu. Maman Hanif dan Allah kar ke da Hajiya da Kawu ku zauna ku yanke masa komai. Ku tambaye shi. Ko bai amsa ba ya ji an tambaye shi."

Ummu Sudais:
Innalillahi. Ɗan uwa Allah ya ƙara maka lafiya, mai shagon nan kuma Allah ya gina masa gida a Aljanna.

Maman Hanif:
Na karanta ya fi a ƙirga. Na gode ƙanena, duk inda kake Allah ya rufa maka asiri. Akwai mai gyaran waya a bakin titinmu abokinsa ne tun firamare, zan fara jin ta bakin shi mai jikin tukuna in yana so.

Baban Walid:
Allah ya sa a dace, amma a bi a hankali. Namu da aka ga ya samu sauƙi aka matsa masa ya koma kasuwa yini guda, ga hayaniya ga 'yan bashi ga babanmu kullum cikin faɗa wai ya zama rago, ba a rufa wata biyu ba ciwon ya tashi. Shi ya sa nake tsoro.

Anti Nas:
Tsoronka na da tushe Baban Walid. An daɗe da gano cewa gidan da ake yawan kushe mara lafiya da tsawa da gori, ciwon ya fi saurin dawowa, haka ma gidan da ake rufe shi ruf ba a barinsa ya ɗaga ko tsinke. Ka lura da abin da ɗan uwan can ya ce, awa biyu, aiki mai sauƙi, wurin wanda ya san halin da yake ciki. A fara da masallacin unguwa, da aiken kanti, da cin abinci tare da mutane a faranti ɗaya, in wannan ya zauna a ƙara. Kuma ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan, tun 1954 Farfesa Lambo a Aro ta Abeokuta ya riƙa saukar da marasa lafiya a ƙauyukan da ke kusa da asibitin, kowa da ɗan uwansa ɗaya, da rana a zo a karɓi magani a koma cikin mutane a yi rayuwa. Daga baya har mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya ya zama.

Hajiya 'Yar Katsina:
Ni dai maganar Kawu kar a yar da ita. Aure na natsar da namiji, kuma in Hajiya ta gaza ai matarsa ce za ta riƙe shi. Mun ga waɗanda aka yi wa suka zauna lafiya.

Maman Biyu:
Hajiya ki yi haƙuri amma ni aka yi wa irin wannan auren. Ba wanda ya faɗa min ba wanda ya faɗa wa iyayena, kuma don kar amarya ta ga ƙwaya sai suka dakatar masa da maganin kafin biki. Ina ɗakin ko lallen bai goge ba ya daina barci, ya fara cewa ni aka turo in kashe shi, ni yarinya ban san hawa ba ban san sauka ba, ƙarshe danginsa suka ce ni na zo masa da farar ƙafa. Mutumin kirki ne wlh in yana cikin lafiyarsa ba ruwansa, da an faɗa min gaskiya wataƙila da na shiga da sanina na taya shi shan maganin. Su suka kashe auren ba ciwon ba. Kuma 'yar mutane ba nas ba ce da za a ɗauko kyauta don uwa ta huta.

Malam Abu Hafsa:
Abin da aka yi wa Maman Biyu yaudara ce. A mazhabarmu ta Malikiyya taɓin hankali na cikin aibobin da ke ba wa miji ko mata zaɓin raba aure in an ɓoye, tare da kuturta da albaras. Ba a hana shi aure ba, amma a bayyana, ita ta yarda da saninta, shi ma a ji daga bakinsa yana so.

Anti Nas:
Aure ba ya cikin magungunan ciwon nan Hajiya. Muna da marasa lafiya da yawa masu aure da 'ya'ya suna zaune lafiya, amma za ki tarar abokin zaman ya sani tun farko, shi ke tuna ranar allura. Masu tambayar gado, in ɗaya daga cikin iyaye na da shi kusan 1 cikin 10 ne na 'ya'ya ke iya samu, tara ba sa samu. Akwai kuma abin da kunya ke hana faɗa, wasu magungunan kamar risferidon na rage wa namiji ƙarfi, mace kuma al'adarta ta ɗauke, sai mutum ya daina sha a ɓoye. A faɗa wa likita, akwai canji. Mata ma su suka fi shan wuya a nan, ciwo na tashi sai saki, a ƙwace 'ya'ya a mayar da ita gidan tsohuwar da ita ma riƙo take nema. Wadda ta samu ciki kuma kar ta yanke magani da kanta, ta je a duba wanda ya dace da ita.

Ɗan Kwari:
To duk na ji, amma talaka fa? Mutumin ƙauye sai ya biya kuɗin motar mutum biyu zuwa Dawanau ko Barnawa ko Kware ko Maiduguri, ga kati ga magani duk wata, tun da aka cire tallafin mai kuwa kun san yadda mota ta koma. Malamin unguwa kuwa da ƙafa ake zuwa. Ba kowa ne ke ƙin asibiti don jahilci ba.

Baristan zaure:
Nan kam Ɗan Kwari ka faɗi gaskiya. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya ba su kai 300 ba ga mutum sama da miliyan 200. A Janairun 2023 Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa wadda ta maye gurbin ta 1958 ta zamanin Turawa, ta tanadi haƙƙin masu ciwon kar a wulaƙanta su ko a nuna musu bambanci, har da asusu na musamman. Amma ni abin da nake jira in gani shi ne ranar da za a riƙa yin allurar watan nan a asibitin sha-ka-tafi na gunduma, mutum ya je da ƙafa ya dawo. Kafin nan Maman Hanif ku yi naku tsarin tun Hajiya na da ƙarfinta. Ku zauna ku 'yan uwa shi ma yana wurin, a san wa ke raka shi asibiti wane wata, kowa ya san abin da zai riƙa sakawa na magani, sunayen magungunan da lambar katinsa kar su zama a kan Hajiya kaɗai suke. Ita ma a riƙa ɗauke mata ko na kwana biyu ne ta je ta huta.

Malam Abu Hafsa:
In ƙara a kan na Barista, in akwai gado rabonsa nasa ne cif, ciwo ba ya rage shi. In ba zai iya juya shi ba a samu amintacce ya riƙe masa da shaidu a riƙa yi masa hidima daga ciki. Mun sha ganin 'yan uwa sun cinye sun ce ai mu ke ciyar da shi.

Yaya Babba:
Ku yi haƙuri na shigo a makare. Tawa ƙanwar ce ta ƙi shan maganin sam, ta ce lafiyarta ƙalau, sai muke daka mata shi a kunu ba ta sani ba. Akwai matsala?

Anti Nas:
Na san abin da ke kai mutane ga haka Yaya, amma akwai matsala. Ba ku san nawa ta sha ba in ta rage kunun, wani yaro na iya shanye sauran, wasu ƙwayoyin ma ba a daka su. Ku koma wurin likita ku faɗa masa gaskiyar abin da kuke yi, ku tambayi dalilin ƙin nata, sau da yawa wata wahala maganin ke ba ta. Akwai allurar wata-wata in ta yarda da ita. Kuma duk mai Artane ko Exol a gida, wato ƙwayar da ake haɗa wa mara lafiya don rage rawar jiki da sandarewa, ya adana shi da kyau, samari na ɗauka su sha don maye.

Shugaban zaure:
Ɗan uwan ɗazu ya sake turowa.

"Yaya Babba an taɓa yi min haka. Lokacin ina cewa ana sa min abu a abinci kowa na rantsuwa ba a sa, sai ranar nan na ga garin ƙwaya a gindin kofi. Daga nan na daina cin duk abin da aka dafa a gidan, na daɗe biredi da ruwan leda kawai nake yarda da su. In ta gano, ku da take ɗan saurara ma ba za ta ƙara yarda da ku ba. Ku nemi mutum ɗaya da take jin maganarsa, ko ƙawarta ce ko gwaggo, shi ya raka ta wurin likitan, kuma a bar ta ta yi bayani da bakinta."